Na Kai Baba Alƙahira a Kan Ƙarya

Tun da muka dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A ofis, a masallacin layinmu na Unguwar Dosa, a majalisar da muke zama bayan la'asar, kowa sai ya tare ni: "Bashir, yaya Alƙahira? Ka ga dalar Fir'auna? Wai da gaske ne an sa wa Malam inji a ciki?" Nakan ce alhamdu lillahi, tafiya ta yi kyau, in kawo wani zancen. Har wani abokina ya ce ko dai wata ɓarna na yi a can. Da wasa ya faɗa, amma bai yi kuskure ba. Shi ya sa na zauna na rubuta labarin sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa. Dala dai ban gan ta ba. Sati uku na yi a garin, ban wuce tsakanin asibiti da masauki ba.

Ga wanda bai san mu ba, mahaifina malamin zaure ne. Ya fi shekara arba'in yana karantar da magidanta fiƙihu da nahawu a ƙofar gidanmu, 'yan kasuwa da ma'aikata da direbobi, kowa da littafinsa. Ni ne babban ɗansa, ni ne kuma na bi boko har na zama ma'aikacin gwamnati. Saboda haka duk abin da ya shafi takarda, ko asibiti, ko Turanci, ni ake miƙa wa, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan.

Ciwon daji ne ya kama shi. Daga mara ya fara, kafin a gane shi ya riga ya shiga ƙashin ƙugu da na baya. Likitar da ke duba shi a nan Kaduna ta kira ni ofishinta ni kaɗai, ta ce, "Malam Bashir, maganar warkewa ta wuce. Abin da ya rage mana shi ne mu rage masa raɗaɗi." Ta ɗora shi a kan wani maganin ruwa mai ƙarfi da ake kira mofin, yana sha duk bayan awa huɗu. Yakan sassauta masa, amma yana sa shi amai, ya ƙulle masa ciki, ga barci. Sai Baba ya ɗauko fassarar jimla, kafin ya kai ƙarshenta kansa ya langaɓe, ɗalibai su yi shiru suna kallon ƙasa har ya farka.

Ita ce ta ba ni labarin wata 'yar na'ura da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ciki, da siririn tiyo da ake bi da shi ta kwiɓi har cikin ƙashin baya. Na'urar takan riƙa ɗiga magani kai tsaye a inda saƙon ciwo yake bi ya hau kai, don haka ɗan kaɗan ya isa, mutum ba ya buguwa. Ta ce ta san wani likita a Alƙahira da yake aikin, akwai kuma wani a Abuja da zai iya zuba mata magani duk lokacin da ya kusa ƙarewa. Ta nanata mini sau biyu cewa wannan ba ya taɓa ciwon dajin, raɗaɗi kawai yake ragewa.

Na fito daga ofishin, na je gida, na durƙusa gaban Baba na ce an samu inda za a yi masa aiki ya warke. Haka na faɗa wa Inna, mahaifiyata, da ƙannena, da ɗalibansa. A lokacin ce wa kaina na yi tausayi ne. Yanzu na san bakina ne ya kasa furta ɗaya maganar.

Akwai wani abu kuma da na yi kafin mu tashi. Ina jin kunyar kwalbar mofin ɗin nan. A garin da kullum ake zancen matasa masu shan kodin, ban so wani ɗalibi mai boko ya karanta jikin kwalba ya fita yana cewa Malam ya koma shan kayan maye. Sai na wanke wata kwalbar zuma na juye maganin a ciki, na jefar da ta asibitin.

Jirgin ƙasa muka hau daga Rigasa zuwa Abuja, domin Baba ba zai iya jure girgizar mota ba. Ɗalibansa sun cika motoci uku suka rako mu tasha, wani dattijo a cikinsu, mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa, ya riƙe hannunsa yana cewa, "Allah gafarta Malam, mun ajiye littafi a inda aka tsaya. Sai ka dawo garau mu ɗora." Baba ya ce, "Allah ya nufa." Na juya ina gyara jakunkunan da ba su buƙatar gyara.

Mun kwana a Abuja gidan wani ɗan'uwa, da safe muka tafi filin jirgi. A wurin binciken kaya ne kwalbar zuma ta tona mini asiri. Jami'in ya ɗaga ta, ya girgiza, ya ga ruwa ne tsararo.

"Wannan fa?"

"Maganin babana ne."

"Wane magani?"

Na rage murya na faɗa masa, na miƙa masa takardar likita. Ya karanta, ya sake duban kwalbar.

"Takarda ta ce mofin, kwalba ta ce zuma. Da wanne zan yarda? Ka san in na kira waɗancan," ya nuna wasu masu kaki da haɓa, "yau ba Masar za ka kwana ba?"

Ya dubi Baba a keken guragu, ya daɗe yana dubansa. Daga nan ya ce a ba tsohon ya sha na yanzu, saura kuma ba zai shiga jirgi ba. Na auna na ba shi. Baba ya sha, ya ce wa jami'in Allah ya yi albarka. Bai tambaye ni yadda magani ya koma kwalbar zuma ba.

Jirgi ya yi jinkirin awa biyu. Tafiyar kuma awa biyar ce da wani abu. Kowa ya iya lissafin lokacin da maganin ya sake shi.

Da farko salati yake yi a hankali. Can ya fara muskutawa, gumi ya jiƙa masa hula. Daga baya nishi ya fara fita, irin wanda ban taɓa jin ya yi ba, domin a gida ba a taɓa bari ya kai haka ba. Mutane suka fara waiwayowa. Wani Bature a gaba ya toshe kunnensa. Ma'aikaciyar jirgi ta kawo farasitamol, na ba shi, bai yi komai ba. Ni kuwa, da na jawo masa wannan da hannuna, na sunkuya kusa da kunnensa na ce, "Baba, a hankali, mutane na kallonmu."

Ya yi shiru. Wallahi ya yi shiru. Ya ɗauko gefen rawaninsa ya cusa a baki ya cije.

Wata Hajiya ce a kujerar gefenmu, Basakkwatiya, za ta kai mijinta a duba masa ido. Ashe ta ji. Ta leƙo ta ce, "Kai ɗiyan ga, kai ka jin ciwon ko shi? Bar shi shi yi nishinai. Wanda bai so shi sauka." Ta miƙo matashin da take jingina da shi, ta nuna mini yadda zan cusa masa a ƙugu. Ta ce, "Malam, yi abinka, duk nan ɗiyanka na." Baba bai cire rawanin daga baki ba har muka sauka.

A filin jirgin Alƙahira layi ya yi tsawo, amma daddawar Inna ta cece mu. Ta cusa mana ƙullin daddawa da kuka da garin kunu a jaka ban sani ba. Jami'in kwastan ya zuge zif, warin ya buge shi, ya ja da baya yana faɗin wani abu da sauri, ya rufe jakar da kansa ya yi mana nuni mu wuce. Motar asibiti tana jira. Kafin magariba an yi wa Baba allura, ya yi barci da takalmi a ƙafarsa. Na cire masa, na zauna a kujera ina kallonsa.

Bayan kwana biyu aka sallame mu zuwa masauki, kafin a gama gwaje-gwaje. Wani tsohon bene ne kusa da asibitin, mu a hawa na huɗu. Akwai lif, injin hawa bene, mai ƙofar ƙarfe da ake ja da hannu, rana ɗaya ya yi aiki, rana biyu ya ƙi. Kowane bene a can yana da mai gadinsa da ke zaune a ƙasa da iyalinsa, ya san mai shiga ya san mai fita. Namu wani dattijo ne ƙato mai doguwar jallabiya, ana ce masa Ammu Sabir. Ranar farko da lif ya ƙi, ina tsaye ina faɗa da Turanci cewa wannan ba tsari ba ne, shi kuwa ya durƙusa ya juya wa Baba baya, ya goya shi har hawa na huɗu, yana tafe yana masa hira. Ni na biyo su da keke a hannu. Bai zo mini a rai ba cewa zan iya goya mahaifina sai da na ga wani ya yi.

Garin ba ya shiru. Hon ɗin mota kamar gaisuwa suke yi da shi, ƙetare titi kuwa sai ka laɓe a gefen wata tsohuwa ka bi ta. Matan bene ba sa saukowa cefane: kwando suke zurarowa da igiya daga sama, mai burodi ya zuba, su ja. Na ce da a Unguwar Dosa ne, da kwandon nan bai kai sama da komai a ciki ba. Abincin safe kullum wake ne da aka dafa ya yi luguf, a zuba mai da lemun tsami, a ci da faffaɗan burodi. Akwai wani kuma da suke haɗa shinkafa da taliya da wake da soyayyar albasa a kwano ɗaya, wanda da a gida mace ta kawo wa miji shi, sai a ce ragowar tukwane ta tattaro. Na ci, kuma ya yi daɗi. Baba dai kunu kawai yake iya sha, shi ma na farko da na dama gudaji ne zalla, matar Ammu Sabir ce ta karɓi ludayin ta gyara, ba ta taɓa ganin kunu ba amma ta fi ni sanin tukunya. Gaisuwarsu gajera ce, ba a tambayar gida da aiki da gajiya, amma shayi ba ya yankewa, kuma in ka ƙi karɓa ka yi laifi.

Abin da ya fi faranta wa Baba rai shi ne yana jin Larabci a titi. Amma Larabcinsu ba na littafi ba ne. Ranar da ya tambayi mai sayar da lemo farashi, da cikakkiyar jimla mai wasali kamar yana karanta nahawu, mutumin ya ɗaga hannuwa sama ya shafa fuska kamar an idar da addu'a, na kusa da shi suka fashe da dariya. Baba ma ya yi dariya. Ni ne abin ya yi wa zafi. Na ce, "Baba, Larabcin nan naka ba ya aiki a nan, dariya suke maka. Ka bar ni in riƙa magana da Turanci." Ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ta yi mini daidai, domin ina da abin ɓoyewa.

Likitan sunansa Dakta Majdi, mai furfura, Kirista ne, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannunsa kamar yadda Kiristocin can suke yi. Ya nuna mana na'urar: zagayayya ce, ta ƙarfe, ba ta fi gwangwanin man takalmi girma sosai ba. Ya yi bayani da Turanci, a nitse, yana duban Baba ba ni ba. Ya ce za a fara da gwaji, a yi allura ɗaya a baya a ga ko maganin zai karɓe shi ta wannan hanya. Ya faɗi abin da zai iya faruwa: ciwon kai, ko ƙwayar cuta ta shiga wurin yanka, ko tiyon ya goce. Ya ce in magani ya kusa ƙarewa na'urar za ta riƙa yin 'yar ƙara, kuma haɗari ne a bari ta ƙafe. Sannan ya ce, "Ka faɗa masa da kyau, wannan ba zai cire ciwon ba, ba zai ƙara masa kwana ba. Zai sa kwanakin su yi sauƙi ne kawai."

Na juya na ce, "Baba, ya ce aikin ba shi da wuya, in sha Allahu za a samu lafiya."

Baba ya ce, "Duk doguwar maganar nan, abin da ya faɗa ke nan?"

"Sauran bayanin inji ne."

Ya gyaɗa kai.

Gwajin ya yi kyau fiye da yadda na zata. Awa ɗaya bayan allurar, Baba ya miƙe ƙafafunsa biyu a kan gado, abin da ya yi wata huɗu bai yi ba. Ya taɓa ƙugunsa kamar mai neman abin da ya ɓace. Ya nemi abinci, ya cinye waken nan da burodi guda. Idonsa tar, ba barci, ba amai. Ya ce in miƙo masa littafi. Na fita baranda na kira gida na ce wa Inna, "An fara ganin sauƙi, warkewa ta zo." Ina jin guɗar ƙannena ta waya.

Washegari Dakta Majdi ya kawo takardar amincewa, wadda sai marar lafiya ya sa hannu da kansa kafin a yi masa aiki. Na karɓa na nuna wa Baba wurin sa hannu. Bai karɓi biron ba. Ya gyara zama, ya dubi Dakta Majdi, ya yi masa magana da Larabci, wannan dai na littafi da na hana shi.

Likitan bai yi dariya ba. Ya jawo kujera ya zauna daf da gadon, ya amsa masa da irin Larabcin, a hankali, yana laluben kalmomi kamar mai tuno karatun makaranta. Suka yi ta yi. Ni ɗan malami ne, amma Larabcina bai wuce na salla ba. Duk da haka na tsinci kalmar mutuwa, na tsinci kabari, na ji sunana sau biyu. Ina tsaye da biro a hannu kusan minti ashirin, ba wanda ya dube ni.

Da suka gama, Dakta Majdi ya juyo ya ce da Turanci, "Bari in fassara maka." Ni da na zo a matsayin tafinta. Ya ce, "Mahaifinka ya yi mini tambaya uku. Ko zai iya sujada da na'urar, na ce bayan wurin ya warke zai iya. Ko zai iya azumi, na ce ta wajen jiki zan duba ƙarfinsa, ta wajen addini ya fi ni sani. Ta uku, in ya mutu, da ita za a binne shi ko sai an ciro ta, domin ba ya son a wahalar da masu yi masa wanka. Na ce ba dole ne a taɓa ta ba." Ya ƙara da cewa, "Ya kuma tambaye ni ko ni ne na ce zan warkar da shi. Na ce ban faɗa ba. Ya ce ya sani."

Bai yi mini faɗa ba. Ya ajiye takardar a kan tebur ya ce zai dawo gobe, ya fita ya ja mana ƙofa.

Na durƙusa a gaban gadon.

Baba ya ce, "Bashir, marasa lafiya nawa na je dubawa a rayuwata? Gawa nawa na wanke? Tun ranar da ka fito daga wurin likitar nan ta Kaduna ka kasa haɗa ido da ni, na gane. Na yi shiru ne ina jira ka faɗa mini da bakinka. A jirgin ƙasa na jira. A masauki na jira."

"Baba, tsoro na ji kada hankalinka ya tashi."

"Hankalina ko naka?"

Na sunkuyar da kai.

"Ciwon nan nawa ne. Mutuwar ma tawa ce. Ba a ɓoye wa mutum abinsa. Akwai amanar mutane a hannuna, akwai waɗanda zan nemi gafararsu, akwai wasiyya. Da ban gane da kaina ba fa? Ka so in tafi ina shirin shekara mai zuwa?"

Na ce ya yafe mini. Na faɗa masa maganar kwalbar zuma ma, da dalilin da ya sa na juye. Nan ne kawai na ga ransa ya ɓaci sosai. Ya ce, "Magani ne likita ta rubuta, Allah ya halatta wa mai ciwo. Da ɗalibaina sun gani, da na karantar da su hukuncinsa. Kai kunyar mutane ta fi damunka a kan komai." Can ya ce, "Na yafe maka. Tashi ka zauna a kujera, ƙasan nan da sanyi."

Na tambaye shi ko zai sa hannu, ko mu koma gida. Ya ce in ba shi zuwa gobe. Ranar nan ban iya cin komai ba. Da safe ya ce in kira likita. Ya karɓi biro ya rubuta sunansa da ajami, ya ce, "Ina so in kai goshina ƙasa, kuma ina so in ƙarasa wa mutanen nan littafinsu da hankalina. A kan wannan na yarda, ba a kan abin da ka faɗa ba."

Aikin bai kai awa biyu ba. Aka fito da shi da yanka biyu, ɗaya a gefen ciki, ɗaya ƙarami a baya. Ya yi kwana biyu yana ciwon kai, aka ce ya kwanta a miƙe ya sha ruwa da yawa, ya wuce. Kullum Dakta Majdi yakan zo da wani abu kamar waya, ya ɗora a kan cikin Baba, ya ƙara magani ko ya rage ba tare da ya taɓa fata da allura ba. Daga nan su ɓata lokaci suna gardamar nahawu, ni ina gefe. Yanzu in likita ya faɗi abu da Turanci, nakan fassara shi duka, har wanda ba na son ji. Ranar da aka cire zare, Baba ya sauko daga gado ya yi salla raka'a biyu. An ce kada ya sunkuya sosai tukuna, don haka a zaune ya yi, amma ba jingina, ba nishi. Ammu Sabir ya aiko mana da tiren shayi har asibiti.

A hanyar dawowa ƙofar binciken filin jirgi ta yi ƙara da Baba ya wuce. Wannan karon na fito da katin da asibiti suka ba mu, mai bayanin abin da ke jikinsa, na faɗa da ƙarfi kowa yana ji. Jami'in ya taɓa wurin a hankali ta saman riga, ya yi masa addu'a. A jirgi Baba ya ci abinci, ya yi barci, ya leƙa taga ya tambaye ni wace ƙasa ce a ƙarƙashinmu. Ban sani ba.

Da muka shigo layinmu sai na ga rumfa da kujeru. An yanka rago. Ɗalibai sun cika ƙofar gida, mata suna guɗa daga ciki, an shirya walimar warkewar Malam. Ya fito daga mota da ƙafarsa, yana dogara sanda, mutane suka yi ta kabbara. Ya bari aka ci aka sha, ya yi addu'a. Da jama'a suka ragu ya kira ni zaure ya ce, "Ɗalibai ni zan faɗa musu gaskiya gobe a wurin karatu. Mahaifiyarka kuwa, kai ka faɗa mata waccan, kai za ka faɗa mata wannan. Je ka yanzu."

Na same ta a tsakar gida tana raba naman da ya rage a kwanuka, za a kai wa maƙwabta. Na durƙusa na ce, "Inna, akwai magana." Na faɗa mata duka, tun daga ofishin likitar Kaduna. Ba ta katse ni ba. Ta ajiye cokalin, ta goge hannu da gefen zane.

"Tun kafin ku tafi ka sani?"

"E, Inna."

"Da na ce zan bi ku, ka ce in zauna, ai lafiya za a nemo a dawo."

"E."

Na zaci kuka za ta yi, ko ta zage ni, da ma ta yi. Sai ta ce, "Sati uku, Bashir. Ban san ko nawa suka rage mini da shi ba, ka ɗebe sati uku ka tafi da su."

Ta tashi ta bar kwanukan a buɗe, ta ɗauki mayafinta, ta nufi zaure, inda ba ta saba zama ba tun da aka kawo ta gidan. Ina jin Baba yana ce mata ta shigo, ba kowa. Ni na rufe kwanukan na bi gidajen maƙwabta da su ɗaya bayan ɗaya, kowa yana mini barka.